2,147,483,647: lambar da malaman lissafi da masu kwamfuta suka haɗu a kanta

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Haka ake karanta ta in mutum yana da numfashi. A ido dai ba ta da wani tsari, kamar wanda ya danna madannan waya barkatai, amma in ka san daga inda ta fito sai ka ga ba haka ba ne. Ka ɗauka wani ya yi maka alkawarin naira 1 ranar ɗaya ga wata, ranar biyu naira 2, ranar uku naira 4, kullum yana ninka ta jiya, har watan mai kwana 31 ya ƙare. A ranar ƙarshe kaɗai zai ba ka naira 1,073,741,824, in kuma ka tattara duk abun da ka karɓa tun daga ranar farko, to ₦2,147,483,647 ne cif, ba ƙari ba ragi. A taƙaice ana rubuta ta 2^31 − 1, wato ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, sannan ka cire ɗaya.

Wannan cire ɗayan shi ne komai. Kafin a cire, lambar ita ce 2,147,483,648, wadda za ka yi ta raba ta biyu har sau 31 ba tare da ragowa ba. Da an cire ɗaya sai ta koma lambar da babu abun da ke raba ta kwata-kwata.

Bara mu fara da abun da ɗan firamare ma zai iya dubawa. Ta ƙare da 7, don haka mara ce ba cika ba, 2 ba zai raba ta ba, 5 ma haka. In ka tara lambobinta goma, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, za ka samu 46, kuma 46 ba ya rabuwa da 3, to ita ma ba za ta rabu da 3 ko 9 ba. Haka za ka yi ta gwadawa, 7, 11, 13, 17, duk sai an samu saura. Irin wannan lamba da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta ita ce ake kira firam, irin su 2, 3, 5, 7, 11, kuma daga gare su ake gina duk sauran lambobi ta hanyar ninkawa, misali 60 ai 2 × 2 × 3 × 5 ne. To 2,147,483,647 firam ce. Faɗar hakan yau abu ne mai sauƙi tunda wayar hannunka za ta tabbatar kafin ka ƙifta ido, amma an daɗe ana zargin hakan ba tare da wanda ya iya kawo hujja ba.

Lambobin da ke da wannan siffa ta 2 a ninka sau kaza a cire ɗaya suna da sunan gida, ana ce musu lambobin Mersenne, saboda wani limamin coci ɗan Faransa, Marin Mersenne, wanda ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Akwai ƙa'ida ɗaya mai daɗi a kansu: in adadin ninkin ba firam ba ne, to sakamakon ma ba zai zama firam ba. Ɗauki 15, wanda yake 3 × 5. 2^15 − 1 shi ne 32,767, kuma dole 2^3 − 1 wato 7 ya raba shi, dole 2^5 − 1 wato 31 ma ya raba shi, kuma haka ne, 32,767 = 7 × 31 × 151. Shi ya sa ba a ɓata lokaci a kan irin su 30 ko 32 ko 33, sai a kan firam kawai. Sai dai fa zaman adadin ninkin firam bai isa ba, a nan ne mutane da yawa suka zame. 2, 3, 5, 7 duk sun ba da firam (3, 7, 31, 127), mutum sai ya saki jiki ya ce ai shikenan kullum haka ne, yana zuwa 11 sai a samu 2,047, wanda yake 23 × 89.

A 1588 wani ɗan Italiya, Pietro Cataldi, ya zauna ya tabbatar da cewa 131,071 da 524,287, wato na 17 da na 19, firam ne, ta hanyar gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ya zarce ya ce na 23 da 29 da 31 da 37 ma firam ne, ba tare da ya gwada ba. Uku daga cikin huɗun nan ba daidai ba ne, na 23 alal misali 47 yana raba shi, na 29 kuma 233. Na 31 kawai ya dace, kuma dace ne ba sani ba. Shi ma Mersenne a 1644 ya fitar da nasa jerin, 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257, inda ya sa 67 da 257 da ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 da suka cancanta. Duk da haka sunansa ne ya bi lambobin, Cataldi da ya yi gumin rabawa kuwa sai masu bin tarihi ke tuna shi.

Wanda ya kashe maganar shi ne Leonhard Euler, ɗan Switzerland da ke zaune a St. Petersburg ta Rasha, a wata wasiƙa da ya aika wa ɗaya daga cikin masana lissafi 'yan gidan Bernoulli a 1772, lokacin ya kai shekara 65 kuma idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Yanda ya yi ɗin ne ya fi burge ni a duk labarin, don haka bara in ɗan tsaya a nan.

Da farko ba sai ka gwada duk lambobi har biliyan biyu ba. In lamba tana rabuwa gida biyu, wato a × b, to dole ɗaya daga cikinsu ya zama ƙarami, bai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka asalin ba. A nan iyakar ita ce 46,340, don 46,341 × 46,341 ya riga ya haura lambar tamu. To aiki ya sauko daga biliyan biyu zuwa dubu arba'in da shida. Sannan ba kowace lamba za ka gwada ba sai firam, su kuma a ƙasa da wannan iyaka sun kusa 4,800. Har yanzu da yawa, ka tuna kowane gwaji rabawa ce ta lamba mai gida goma da alƙalami da takarda, kuma kuskure ɗaya ya ɓata komai.

Sai dabara ta gaba, wadda Fermat, wani masanin lissafi ɗan Faransa, ya gano tun 1640: in adadin ninkin, mu kira shi p, firam ne da ya wuce 2, to duk firam ɗin da zai raba 2^p − 1 dole ya zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya. Duba 2,047 na ɗazu, p ɗinsa 11 ne, 2p kuma 22, masu raba shi su ne 23 wato 22 + 1, da 89 wato 88 + 1. Ka ga ta zauna. To ga 31, duk mai raba ta sai ya zama ninkin 62 da ɗaya: 63, 125, 187, 249, 311, haka dai. Euler ya ƙara tace su da wata ƙa'idar, cewa irin wannan mai rabawa in ka raba shi da 8 ragowarsa 1 ce ko 7, ba 3 ba ba 5 ba. 63 ragowarsa 7, ya tsaya. 125 ragowarsa 5, waje. 187 ragowarsa 3, waje. 249 ragowarsa 1, ya tsaya. Daga nan tsarin maimaita kansa yake yi duk bayan 248, don haka abun da ya rage shi ne lambobi masu siffar 248n + 1 ko 248n + 63, waɗanda ba su wuce 373 ba a ƙasa da iyakar, kuma mafi yawansu ma ba firam ba ne, 63 ai 7 × 9 ne, 249 kuma 3 × 83, in ka zubar da irinsu waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba. Daga biliyan biyu zuwa ƙasa da ɗari. Aka gwada su babu wanda ya raba, magana ta ƙare. Ta zama firam ta takwas a gidan Mersenne, kuma ta shafe gomman shekaru tana riƙe da kambun firam mafi girma da ɗan Adam ya sani.

Me ya sa ma suka damu da wannan gida tun farko? Saboda wasu lambobi da ake kira kamilai. Kamilar lamba ita ce wadda in ka tara duk masu raba ta, banda ita kanta, za su dawo maka da ita daidai. 6 = 1 + 2 + 3. 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128, waɗannan huɗun tun zamanin Girkawa aka san su. Euclid ya nuna cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama firam, in ka ninka ta da 2^(p−1) za ka samu kamila, malaman lissafi na duniyar Musulunci irin su Ibn al-Haytham ma sun yi aiki a kan batun, sannan Euler ɗin dai ya tabbatar da cewa duk wata kamila da take cika ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Don haka kowace firam ta Mersenne tana da kamilarta guda. Ta lambarmu ita ce 1,073,741,824 × 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas, mai gida 19. Wani abun sha'awa, in ka tara 1 + 2 + 3 + 4 har ka kai 2,147,483,647, wannan kamilar ce amsar. Ita kuwa 2,147,483,647 a karan kanta a wannan ma'auni gajiyayya ce ta ƙarshe, tunda masu raba ta banda ita 1 ne kawai, kamar kowace firam.

A 1811 wani Baturen Ingila masanin lissafi, Peter Barlow, ya rubuta cewa wannan kamilar ita ce mafi girma da aka sani kuma da wuya a taɓa gano wadda ta fi ta, hujjarsa ita ce abun ba shi da amfani sai ban sha'awa, don haka babu wanda zai wahalar da kansa. Bai san mutane ba. A 1876 Édouard Lucas ɗan Faransa ya tabbatar da 2^127 − 1, mai gida 39, da hannu, ta wata sabuwar hanya da ba ta buƙatar neman mai rabawa sam, wadda Derrick Lehmer ya gyara daga baya. Ga yanda take: ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe ragowa, ka maimaita sau p − 2, in ka ƙare a sifili to firam ce. Gwada da 31, wanda p ɗinsa 5 ne, taku uku kenan: 4 ta zama 14, 14 ta zama 194 wanda ragowarsa 8, 8 ta zama 62 wanda 31 ya raba shi tas. Sifili. Ga lambarmu taku 29 kacal ake buƙata. Wannan gwajin ne ya sa kusan duk firam mafi girma da aka sani a zamanin nan 'yan gidan Mersenne ne, har zuwa 2^136,279,841 − 1 da Luke Durant ya gano a Oktoba 2024 ƙarƙashin GIMPS, shirin masu sa kai da ke neman irin waɗannan lambobi da kwamfutocinsu, mai gidaje 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a gidan. Ko gidan yana da ƙarshe ko ba shi da shi, har yau babu wanda ya kawo hujja.

Akwai wasu ƙananan rukunai da take shiga, zan bi ta kansu da sauri. 31 ɗin kansa firam ne na Mersenne, 2^5 − 1, don haka lambarmu Mersenne ce hawa biyu, kuma irin waɗannan huɗu kawai aka sani: 7, 127, ita, da ta Lucas. Ba ta da tagwaye, wato firam da ke nesa da ita da 2, don 2,147,483,645 yana rabuwa da 5, 2,147,483,649 kuma da 3, maƙwabtanta na kusa su ne 2,147,483,629 a ƙasa da 2,147,483,659 a sama. In ka raba ta da 4 ragowa 3 ce, shi ya sa ba za ka taɓa rubuta ta a matsayin jimlar lambobi biyu da aka ninka kowacce da kanta ba, yanda 13 yake 4 + 9. In ka raba da 8 ragowa 7, wannan ya hana uku ma, sai huɗu, wanda Lagrange ya nuna a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba. Sauran laƙabobin da ake liƙa wa lambobi bisa yanda gidajensu suka jeru, ko ana karanta su gaba da baya, ko jimlar gidajensu kaza ce, ni dai ban ɗauke su da nauyi ba, don sun dogara ne da cewa muna ƙirga da goma-goma, da ka canza tsarin rubutu sun watse. Zamanta firam kuwa ko da wane tsari ka rubuta ta yana nan.

To yanzu ɓangaren kwamfuta, wanda ta nan ne mafi yawan mutane suka ci karo da ita ba tare da sun san Euler ba. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kowane gurbi ana ce masa bit, kuma shekaru da yawa ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen ajiye lamba shi ne gurbi 32. Guda ɗaya ana ware shi don ya nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. In ka cika gurabe 31 ɗin nan duka da 1, wato 1 + 2 + 4 + 8 har ƙarshe, lissafin mai alkawarin nairar nan ne ya dawo, 2,147,483,647. Ita ce rufin ɗaki. In ka ƙara 1 a kai, sai abun ya yi kamar mitar kilomita ta tsohuwar mota da ta cika 999999 ta juya, sai dai a nan ba sifili take komawa ba, ɗayan da aka ɗauko yana faɗawa ne cikin gurbin alama, sai lambar ta koma −2,147,483,648.

Wannan ba labarin takarda ba ne. A Disamba 2014 YouTube ta sanar cewa bidiyon wata waƙar Koriya ta Kudu ya haura wannan adadi na kallo, kuma sun mayar da ma'ajin ƙirgarsu gurbi 64. A ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonnin imel sun maƙale a na'urorin Microsoft Exchange a wurare da yawa, saboda ana rubuta lambar sabuntawa da kwanan wata, shekara a gaba, 2021 tana farawa da 21 tana shiga ƙarƙashin rufin, 2022 kuwa ta ba da 2,201,010,001 wanda ya fi ƙarfin gurbin. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocin Boeing 787 za su iya kashe kansu in an bar su a kunne kwana 248 ba a kashe ba, saboda wani ma'ajin ƙirga da ke cika, in ka lissafa kuwa 2^31 na kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kwana 248 ne da rabi. (Wannan 248 ɗin ba shi da wata alaƙa da 248 na Euler, karo ne kawai, kar wani ya gina labari a kai.) Masu buga GTA V ma sun san kuɗin mutum a wasan a nan yake tsayawa.

Ga masu koyon rubuta manhaja a nan gida abun ya fi kusa da yanda ake zato. In ka ajiye kuɗi da kobo a irin wannan gurbi, wanda dabara ce mai kyau don guje wa matsalar ɗigo, to rufinka ₦21,474,836.47 ne, kuɗin da wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai iya juyawa ba tare da ya ɗaga kai ba, kobo ɗaya a kai sai asusu ya nuna bashi. Lambar wayar Najeriya kuma in ka cire sifilin farko gida goma ce da ke farawa da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa sama, ba za ta shiga ba ko kusa, shi ya sa ake cewa lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu ba lamba ba.

Babbar ranar da ake jira ita ce ta 2038. Tsarin Unix, wanda Linux da Android suka gada, yana ƙirga lokaci ne da sakan tun daga farkon 1 ga Janairu 1970, kuma sakan 2,147,483,647 shekara 68 ne da 'yan kwanaki. Zai cika ranar Talata 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14 na asuba a Kano da Yamai. Sakan ɗaya bayan nan duk na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka tana 13 ga Disamba 1901. Wayoyi da kwamfutocin yanzu mafi yawa sun koma gurbi 64, Linux ma tun 2020 ya ba ƙananan na'urori masu gurbi 32 hanyar tsira, damuwar tana kan tsofaffin na'urori da aka dasa cikin injina da motoci da masana'antu aka manta da su, da kuma rumbunan bayanai da aka tsara tun da daɗewa.

Abun da nake so a rarrabe shi ne, zamanta rufin kwamfuta da zamanta firam abubuwa biyu ne daban, siffar 2^31 − 1 ce kawai ta haɗa su. Injiniyoyin da suka zaɓi gurbi 32 ba don Euler suka zaɓa ba. Hujja kuwa, rufin gurbi 16 shi ne 32,767 ɗin nan da muka farfasa ɗazu, rufin gurbi 64 kuma 9,223,372,036,854,775,807, wato 2^63 − 1, tunda 63 yana rabuwa da 3 to 7 yana raba shi, ba firam ba ne. Na gurbi 8 ne, 127, ya sake dacewa.

Amma akwai wuri ɗaya da aka ci moriyar dacen. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a da gaske, in ana son lambobi barkatai don gwaje-gwaje ko wasanni sai dai a ƙirƙiro jeri mai kama da barkatai. Hanyar da Lehmer ya kawo ita ce ka ɗauki lamba, ka ninka ta da wata tsayayyiya, ka raba da wata babba ka riƙe ragowa, ragowar ita ce sabuwar lambarka, ka sake. In babbar ba firam ba ce jerin yana iya faɗawa sifili ya mutu ko ya shiga gajeren zagaye. In firam ce ba zai taɓa faɗawa sifili ba, kuma in ka dace da mai ninkawa sai ya ziyarci kowace lamba kafin ya maimaita. To ga firam zaune daidai bakin rufin gurbi 32, ba a rasa ko gurbi ɗaya ba. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙe 16,807, wato 7 × 7 × 7 × 7 × 7, a matsayin mai ninkawa, da 2,147,483,647 a matsayin mai rabawa. In ka fara da 1 za ka samu 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, haka zai yi ta tsalle har sai ya taka duk lambobi 2,147,483,646 kafin ya dawo kan 1. Yau an samu hanyoyin da suka fi shi inganci kuma ba a amfani da shi wajen tsaron sirri don ana iya hasashen na gaba, amma har yanzu yana cikin yaren rubuta manhaja na C++ da sunan minstd_rand0.